Ronan O'Gara: tarihin gwarzon zari-rugar Ailan da ya koma horas da ƴan wasa a Faransa

Ronan O'Gara tsohon ɗan wasan zari-ruga ne na ƙasar Ailan. Ya shafe shekara 16 yana yi wa ƙungiyar Munster wasa, daga 1997 zuwa 2013, ya kuma saka rigar ƙasarsa sau 128. Ranar da ya rataye takalmansa babu ɗan Ailan ɗin da ya kai shi yawan maki a wasannin ƙasa da ƙasa, domin ya tara 1,083. Ya ci kofin zakarun Turai sau biyu yana ɗan wasa, sannan ya sake cin sa sau biyu yana mai horas da ƙungiyar La Rochelle ta Faransa.

Masu bin gasar Top 14 ta Faransa a tashar Canal+ sun fi saninsa a bakin fili, yana daka wa yaransa tsawa da Faransanci mai karin harshen garinsu. Kafin ya kai nan ya sha kaye a manyan wasanni, ya sha suka a jaridu, an kuma taɓa fasa masa fuska da naushi a tsakiyar fili.

Yadda ake wasan

Zari-ruga ba ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa ba, ko da yake Nijar tana da hukumar da ke kula da wasan. Amma matashin da ya taso a Safo ko Madarunfa, inda kokowa ke tara jama'a bayan kaka, ba zai sha wahalar gane rabinsa ba. Kamun ƙafa, riƙon ƙugu, ture da kayarwa duk suna ciki. Bambancin shi ne a fagen kokowa, kamar wanda ke Maradi mai ɗauke da sunan Kantu, da zarar mutum ya kai ƙasa magana ta ƙare. A zari-ruga wanda aka kayar zai saki ƙwallo, ya miƙe, wasa ya ci gaba.

Kowane ɓangare yana da mutum 15, ana kuma yin minti 80, a raba shi gida biyu. Ƙwallon dogo ne mai siffar ƙwai. Ana gudu da shi a hannu, ana iya buga shi gaba da ƙafa, amma ba a miƙa shi da hannu sai ga wanda ke baya ko a gefe. Takwas daga cikin ƴan wasan ƙarti ne masu nauyi, aikinsu ƙwato ƙwallo. Su ne ke sunkuyawa su haɗa kafaɗa da ƙartin ɗaya ɓangaren a yi turereniya. Sauran bakwai masu gudu ne da dabara.

Hanyar samun maki huɗu ce. Wanda ya kutsa ya ajiye ƙwallo a ƙasa bayan layin abokan karawa ya samu maki 5, wannan ita ce ajiya, wadda Faransawa ke kira essai. Bayan kowace ajiya akwai bugun ƙari mai maki 2, inda ake so ƙwallo ya bi ta tsakanin dogayen sanduna biyu, sama da sandar da ta gitta. Idan ɗaya ɓangaren ya yi laifi, ana iya zaɓar bugun laifi mai maki 3. Na huɗu shi ne saki-buga, shi ma maki 3: ana cikin wasa ɗan wasa ya saki ƙwallo ƙasa, yana taɓa ƙasa ya ɗaga shi da ƙafa zuwa tsakanin sanduna. Shi ya fi wuya, saboda a lokacin ƙarti na rugowa kansa.

Mai lamba 10 shi ne madugun ƙungiya. Idan ƙarti sun ƙwato ƙwallo, mai lamba 9 zai jefo masa, shi kuma cikin ƙiftawar ido zai yanke shawara: ya miƙa, ya ruga, ko ya buga can cikin gidan abokan karawa. Galibi shi ne kuma mai bugun sanduna. Wannan lambar O'Gara ya saka duk tsawon rayuwarsa ta wasa.

A Afirka, Afirka ta Kudu ce uwa a wannan wasa, ta ci kofin duniya sau huɗu, a 1995 da 2007 da 2019 da 2023. Daga yammacin nahiyar, Kodebuwa ta halarci gasar ta 1995.

Asali da ƙuruciya

An haifi Ronan O'Gara ranar 7 ga Maris 1977 a birnin San Diego na Amurka, inda mahaifinsa, masanin ƙananan ƙwayoyin halitta, yake aikin bincike. Yana ƙarami iyalin suka koma Ailan, ya girma a Cork, birni na biyu mafi girma a Jamhuriyar Ailan, inda mahaifin ya zama farfesa a jami'a.

Ya yi sakandare a Presentation Brothers College, makarantar da ta yi suna wajen fitar da ƴan zari-ruga. A nan ya haɗu da wani malamin lissafi mai suna Declan Kidney, wanda ke horas da ƴan wasan makarantar. Wannan malami ya sake zama kocinsa a Munster, ya kuma zama kocinsa a ƙungiyar ƙasa. A 1995 O'Gara ya jagoranci makarantarsu ta ci kofin manyan ɗalibai na lardin. Daga nan ya shiga jami'ar Cork ya karanci tattalin arziki, yana kuma wasa a ƙungiyar Cork Constitution.

Shekarar 1995 ɗin ce ta sauya wasan baki ɗaya. Fiye da shekara ɗari dokar zari-ruga ta hana a biya ɗan wasa albashi. Likita ne, ko manomi, ko ma'aikacin banki, ranar Asabar ya saka riga ya shiga fili. A watan Agustan 1995 hukumar wasan ta duniya ta ɗage wannan doka. O'Gara yana cikin rukunin farko na matasan Ailan da suka tashi suka tarar wasan ya zama sana'a.

Hukumar zari-rugar Ailan, wadda aka kafa a 1879, ta gina sana'ar a kan larduna huɗu na tsibirin: Leinster, Munster, Ulster da Connacht. Ƙungiyar ƙasa kuma ɗaya ce ga dukan tsibirin, wato Jamhuriyar Ailan da Ailan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya, saɓanin ƙwallon ƙafa inda kowace ke da tata.

Shekarun Munster

O'Gara ya fara yi wa Munster wasa a 1997 yana da shekara 20. Munster lardin kudu ne, manyan garuruwansa Cork da Limerick, babban filinta kuma Thomond Park da ke Limerick. Jar riga suke sakawa. A lokacin ba su da kuɗin da ƙungiyoyin Faransa da Ingila ke da shi, kusan duk ƴan wasansu ƴan gida ne.

A shekarar 2000 suka ba Turai mamaki. Sun je Bordeaux sun doke Toulouse da maki 31 da 25 a wasan kusa da ƙarshe na kofin Heineken, wato kofin zakarun ƙungiyoyin Turai, O'Gara ma ya yi ajiya a ranar. Wasan ƙarshe ya gudana a filin Twickenham na Landan da Northampton ta Ingila. Rana ce mai iska, ƙafar O'Gara kuma ta ƙi shi. Duk bugun sandunan da ya yi babu wanda ya shiga, har da na dab da tashi wanda da ya shiga da kofin ya zama nasu. Northampton ta ci 9 da 8. Shekarunsa 23, kuma kowa ya san inda makin ya zube.

Bayan shekara biyu suka sake kai wa wasan ƙarshe a Cardiff, Leicester ta doke su 15 da 9. Ana gab da tashi Munster ta samu turereniya kusa da layin Leicester, sai ɗan wasan Leicester Neil Back ya kaɗe ƙwallo daga hannun mai lamba 9 na Munster, Peter Stringer, alƙali bai gani ba. Har yau mutanen Munster ba su manta da wannan hannu ba.

A Janairun 2003 aka yi wasan da ake kira wasan al'ajabi. Kafin Munster ta fito daga rukuninta sai ta doke Gloucester da tazarar maki 27, ta kuma yi ajiya huɗu. Ajiya ta huɗu ta zo a mintin ƙarshe, saura bugun ƙari. O'Gara ya buga ya shiga, aka tashi 33 da 6, tazarar 27 cif.

Sai a 2006 haƙuri ya biya. Munster ta lallasa maƙwabciyarta Leinster 30 da 6 a wasan kusa da ƙarshe a Dublin. Ranar 20 ga Mayu ta haɗu da Biarritz ta Faransa a Cardiff, ƙungiyar da ke da Serge Betsen, haifaffen Kamaru, wanda ya yi suna wajen farautar masu lamba 10. Munster ta ci 23 da 19, maki 13 daga ƙafar O'Gara. Kyaftin Anthony Foley ne ya ɗaga kofin, Declan Kidney kuma shi ne koci.

A 2008 suka maimaita, a filin dai na Cardiff. Wannan karon Toulouse ce, mai Thierry Dusautoir haifaffen Abidjan. An tashi 16 da 13, O'Gara ya ci 11, kuma bugun laifinsa na ƙarshe ne ya raba gardama. Shi da Paul O'Connell suka ɗaga kofin tare, saboda shi ya riƙe kyaftin a farkon kakar lokacin da O'Connell ke jinya.

Wasan da aka fi nunawa idan ana maganar sanyin zuciyarsa na watan Nuwamban 2011 ne, da Northampton a Thomond Park. Lokaci ya cika, Munster na baya da maki ɗaya. A dokar wasan, muddin ƙwallo bai fita ba kuma ba a yi kuskure ba, alƙali ba zai busa tashi ba. Ƴan Munster suka riƙe ƙwallo, a kayar da su su sake ɗauka, har sau 41, suna matsawa kaɗan-kaɗan. Da suka kai inda ƙafarsa za ta iya, aka jefo wa O'Gara, ya yi saki-buga daga kusan mita 40, aka tashi 23 da 21. Bayan mako guda ya sake yin haka a mintin ƙarshe a wasansu da Castres, 27 da 24.

A gasar zakarun Turai ya buga wasa 110, ya ci maki 1,365. A 2010 masu shirya gasar suka zaɓe shi a matsayin ɗan wasa mafi fice a shekaru 15 na farkonta.

Rigar ƙasa

Ya fara saka koriyar rigar Ailan ranar 19 ga Fabrairun 2000, a wasa da Sikotilan a Dublin. Mako biyu kafin nan Ingila ta yi wa Ailan dukan kawo wuƙa, shi ya sa koci Warren Gatland ya saka sababbin jini biyar rana ɗaya: O'Gara, Peter Stringer, John Hayes, Shane Horgan da Simon Easterby. Ailan ta ci 44 da 22. A wasa na gaba da Italiya O'Gara shi kaɗai ya ci maki 30.

Gasar ita ce ta Ƙasashe Shida, wadda ake yi kowace shekara a Fabrairu da Maris tsakanin Ingila, Faransa, Ailan, Sikotilan, Wales da Italiya. A shekarun farko lamba 10 ba ta zauna masa ba, ya daɗe yana takara da David Humphreys na Ulster, yau wannan gobe wancan. Daga 2004 rigar ta zama tasa. Ailan ta doke Ingila da Sikotilan da Wales duka a kaka ɗaya a 2004, da 2006, da 2007, abin da ake ba lambar yabo ta musamman a kansa, amma kofin kansa ya ƙi zuwa.

A 2007 ana sake gina filinsu, sai aka koma Croke Park, filin wasannin gargajiyar Ailan, wanda dokar masu shi ta daɗe da hana a yi wasannin da suka fito daga Ingila a cikinsa. A wannan fili ne jami'an tsaron Birtaniya suka buɗe wuta kan ƴan kallo ranar 21 ga Nuwamban 1920, mutum 14 suka rasu. Wasan farko da Faransa aka yi. O'Gara ya ci dukan maki 17 na Ailan, amma Vincent Clerc ya yi ajiya a ƙarshe Faransa ta ci 20 da 17. Bayan mako biyu Ingila ta zo filin, aka rera taken ƙasarta ba tare da ko ihu ɗaya ba, sannan Ailan ta doke ta 43 da 13.

Kofin duniya na wannan shekara a Faransa ya zame masa baƙin ciki. An tafi da fatan Ailan za ta yi nisa, sai ta sha kaye a hannun Faransa 25 da 3, da Ajantina 30 da 15, ta dawo gida tun daga rukuni. Wasansa bai yi kyau ba, a lokaci guda kuma jaridu suna yaɗa jita-jita kan rayuwar gidansa, wadda ya fito ya ƙaryata.

Ranarsa ta zo a 21 ga Maris 2009 a Cardiff. Ailan ta ci wasanni huɗu na farko a gasar Ƙasashe Shida, saura Wales. Cinye dukan wasannin gasar shi ake kira Grand Chelem a Faransanci, kuma kafin wannan rana sau ɗaya tak Ailan ta taɓa yin haka, a 1948. Bayan hutun rabin lokaci Brian O'Driscoll ya yi ajiya, Tommy Bowe ya ƙara wata daga ƙwallon da O'Gara ya ɗaga masa. Wales ta riƙa ragewa da bugun laifi, har saura kimanin minti biyar Stephen Jones ya yi saki-buga, Wales ta wuce 15 da 14. Ƙartin Ailan suka tura har gaban sanduna, Stringer ya jefo, O'Gara ya buga, ƙwallo ya shiga, 17 da 15, saura minti biyu. Wales ta sake samun bugun laifi daga kusan tsakiyar fili, amma bugun Jones bai kai ba. Jiran shekara 61 ya ƙare. Jack Kyle, mai lamba 10 na 1948, yana cikin ƴan kallo da tsufansa, Declan Kidney kuma shi ne koci.

Tafiye-tafiyen Lions

Duk bayan shekara huɗu ana tsamo gwanayen Ingila, Sikotilan, Wales da Ailan a haɗa ƙungiya ɗaya mai suna Lions, ta je Ostareliya, ko Niyu Zilan, ko Afirka ta Kudu. An zaɓi O'Gara sau uku, a 2001 da 2005 da 2009, amma tafiyoyin ba su yi masa daɗi ba.

A 2001 a Sydney, wani ɗan wasan Waratahs mai suna Duncan McRae ya danne shi a ƙasa ya yi masa naushi 11 a fuska. Sai da aka yi masa ɗinki a ƙarƙashin ido, McRae kuma aka kore shi daga fili aka dakatar da shi mako bakwai.

A 2009, wata uku bayan nasarar Cardiff, ya shigo daga benci a wasa na biyu da Afirka ta Kudu a Pretoria. Ana 25 da 25, lokaci ya kusa cika, maimakon ya fitar da ƙwallo waje a tashi canjaras, sai ya ɗaga shi sama ya bi, ya yi karo da Fourie du Preez yana cikin iska, wanda laifi ne. Morné Steyn ya buga daga fiye da mita 50 ya ci, 28 da 25, Lions ta rasa jerin wasannin. Jaridun Birtaniya sun ɗora masa laifin.

Takara da Sexton da ritaya

A watan Mayun 2009 Leinster ta rama abin da aka yi mata, ta doke Munster 25 da 6 a Croke Park gaban mutum fiye da 82,000. Bayan wata ajiya, an ɗauki hoton wani matashin mai lamba 10 na Leinster, Johnny Sexton, ya tsaya a kan O'Gara yana yi masa ihu. Daga ƙarshen shekarar suka fara takarar rigar ƙasa, kuma sun daɗe ba sa ga-maciji.

A kofin duniya na 2011 a Niyu Zilan, O'Gara ya shigo daga benci ya taimaka aka doke Ostareliya 15 da 6, ya ƙwace rigar, amma Wales ta fitar da su a zagayen ƴan takwas, 22 da 10. Wasansa na ƙarshe a Ailan shi ne wanda Sikotilan ta ci 12 da 8 a Fabrairun 2013. Bayan wannan Kidney, malaminsa tun sakandare, ya cire sunansa daga jerin ƴan wasa. A Afrilu ya buga wasansa na ƙarshe a Turai, inda Clermont ta doke Munster 16 da 10 a Montpellier, a watan Mayu kuma ya sanar da ritaya yana da shekara 36.

O'Gara bai da jikin ƴan zari-ruga na zamani. Nauyinsa bai wuce kilo 80 da ɗoriya ba, a wasan da ake samun masu kilo 120, don haka abokan karawa suka riƙa turo masa ƙartinsu da gangan. Kayar da mutum shi ne rauninsa, masu sukarsa kuma ba su gaji da faɗa ba. Ƙarfinsa yana wajen karanta fili, da buga ƙwallo ya faɗa kusurwar da zai takure abokan karawa a gidansu, da kuma rashin rawar ƙafa idan wasa ya zo wuya. A 2018 aka saka sunansa a zauren gwarazan hukumar zari-ruga ta duniya. Sexton ne ya karya tarihinsa na yawan maki a 2023.

Aikin horaswa

Ga ɗan wasan da ya yi suna a gida, hanya mai sauƙi ita ce ya zauna a ƙungiyarsa ko ya koma sharhi a talabijin. O'Gara ya kwashe iyalinsa ya tafi Paris a 2013, ya zama mataimakin koci a Racing 92, a ƙasar da bai ƙware a harshenta ba. A shekarar Sexton ma ya koma Racing, tsofaffin abokan hamayya suka zama malami da ɗalibi, daga baya suka zama abokai. An ba shi kula da tsaron gida, fannin da aka fi sukarsa a kai lokacin yana wasa. A Yunin 2016 Racing ta ci kofin Top 14, ta doke Toulon 29 da 21 a filin Camp Nou na Barcelona gaban mutum fiye da 99,000, alhali an kori ɗan wasanta ɗaya tun farkon wasa.

A Oktoban wannan shekara Munster ta zo Paris don karawa da Racing. Safiyar ranar wasan, 16 ga wata, aka tarar da kocin Munster, Anthony Foley, ya rasu a ɗakinsa na otel yana da shekara 42. Shi ne kyaftin ɗin da suka ɗaga kofin 2006 tare. An ɗage wasan.

A 2018 ya sake yin ƙaura, zuwa Christchurch a Niyu Zilan, ya zama mataimakin Scott Robertson a ƙungiyar Crusaders. Ba kasafai ƙungiyoyin ƙasar ke ɗauko koci daga Turai ba. Ya yi kaka biyu, suka ci kofin Super Rugby a duka biyun. Ya sha faɗa cewa zaman ya sauya masa tunani. Shi da ya yi suna da buga ƙwallo waje, ya dawo yana koya wa yaransa su bar ƙwallo a hannu, su miƙa shi tun kafin a kai su ƙasa.

A 2019 ya karɓi La Rochelle, ƙungiyar wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a gaɓar yammacin Faransa. An kafa ta a 1898, tana saka rawaya da baƙi, kuma a lokacin ba ta taɓa cin babban kofi ba. A 2021 ta kai wasan ƙarshe biyu, na Turai da na Top 14, Toulouse ta doke ta a duka, 22 da 17 da kuma 18 da 8. Daga wannan shekara aka damƙa masa ragamar ƙungiyar gaba ɗaya.

Ranar 28 ga Mayun 2022 a Marseille suka haɗu da Leinster, wadda Sexton ke yi wa kyaftin, kuma kusan kowa ya ba Leinster kofin tun kafin a fara. O'Gara ya dogara da ƙartinsa, irin su Will Skelton da Uini Atonio da Grégory Alldritt. Leinster ba ta yi ajiya ko ɗaya ba, duk makinta 21 daga bugun laifi ne. La Rochelle ta tare a bakin layinsu kusan minti goma na ƙarshe, har Arthur Retière ya miƙa hannu ya ajiye. Aka tashi 24 da 21. Washegari dubun dubatar mutane suka cika tashar jiragen ruwan garin don tarbar kofi.

A 2023 aka sake haɗuwa, wannan karon a Dublin, gidan Leinster. Cikin minti 12 na farko Leinster ta yi ajiya uku, 17 da babu. La Rochelle ta riƙa ragewa har ta wuce gaba da ajiyar Georges-Henri Colombe saura ƴan mintoci, ta ci 27 da 26. Kafin O'Gara, Leo Cullen na Leinster da Ugo Mola na Toulouse su ma sun ci wannan kofi suna ƴan wasa, sun kuma ci shi suna koci.

Kofin Top 14 ne ya kuɓuce masa a La Rochelle. Wata guda bayan Dublin suna gaban Toulouse a wasan ƙarshe, saura minti biyu Romain Ntamack ya tsinke daga nesa ya yi ajiya, aka tashi 29 da 26. Zafin ransa a bakin fili ma ya sha ja masa, hukumar gasar Faransa ta dakatar da shi fiye da sau ɗaya kan maganganu ga alƙalan wasa.

A Afrilun 2025 ƙuri'a ta haɗa La Rochelle da Munster a zagayen ƴan 16 na kofin Turai, karon farko da ya fuskanci tsohuwar ƙungiyarsa yana babban koci. Munster ta ci 25 da 24, kuma cikin makin da suka raba wasan har da saki-buga daga mai lamba 10 nata, Jack Crowley, wanda shi ma ɗan yankin Cork ne.

A taƙaice

Haihuwa: 7 ga Maris 1977, San Diego, Amurka.
Matsayi a fili: lamba 10.
Munster: 1997 zuwa 2013, kofin Turai a 2006 da 2008.
Ailan: wasa 128, maki 1,083, kofin duniya na 2003 da 2007 da 2011, Grand Chelem a 2009.
Lions: 2001, 2005 da 2009.
Horaswa: Racing 92 daga 2013, Crusaders a 2018 da 2019, La Rochelle daga 2019, kofin Turai a 2022 da 2023.